Dalmar Agogon Inna

Pelbrook, 14 ga Satumba, 1777

Zuwa ga Maigida Asahel Goodale, sansanin mayaƙan sa-kai, bakin kogin Hudson.

Gaisuwa mai yawa da fatan kun sauka lafiya, kai da sauran mutanen garinmu. Mu nan lafiya lau. Tuffa ta nuna, jar saniya ta haihu.

Bayan haka, harsasan da ke cikin jakarka ba za su shiga bindigarka ba. Ko ɗaya. Kada ka tsaya gaban Jajayen Riguna, sojojin Sarkin Ingila, da su.

Ga yadda aka yi. Ka san ranar da za ku tashi an ce kowane gida ya zuba wa mutuminsa harsashi. Ka kuma san faranta da cokulanmu na kuza sun tafi tun shekarar yaƙin Bunker Hill, dalmar tagogi ta bi su bara. Na duba gidan nan sama da ƙasa, ban ga abin narkawa ba sai dalmar da ke rataye a cikin dogon agogon Inna, wadda nauyinta ke jan ƙarafunsa. Laba goma sha biyu ce. Na cire ta lokacin da Inna take wajen kaji. Harsashi ɗari da ashirin ta ba ni, har kana yaba mini a gaban mutane.

Mazubin sababbin bindigoginku na Faransa ɗaya ne tak a garin, ana yawo da shi gida-gida. Na tambayi Inna ko an kawo mana. Ba ta ɗaga kai daga saƙa ba, ta nuna mini kan murhu da allura. Na ɗauka na yi aiki. Sai jiya Tryphena matar Kyaftin Peleg ta shigo da harsashi ɗaya da ya rage mata, muka sa shi a mazubin namu, ya riƙa rawa a ciki. Ashe mazubin marigayi Baba mahaifinka ne, na tsohuwar bindigar Sarki mai faɗin baki. Tsufa ya fara cin idon Inna, ban ga laifinta ba.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ka ari harsashi wurin 'yan'uwa. Na biyu, ka dawo mini da dalmar nan cif. Inna ba ta sani ba, na ce mata ragowar cokula na narka. Ka fi ni sanin maganarta: agogon nan sau ɗaya ya taɓa tsayawa, ranar da Baba ya faɗi a yaƙin Faransa, kuma in ya sake tsayawa wani namijin gidan ya tafi. Namiji kuwa ɗaya ya rage.

A yanzu cuku ne a ciki. Dunƙule biyu na ɗaure a buhu na rataya a madadin dalmar. Yana tafiya daidai, har mai kaɗa ƙararrawar coci ya zo ya duba lokaci da safe bai ce komai ba, ya dai shinshina.

Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai biyayya,
Keziah

*

Sansani, 21 ga Satumba, 1777

Zuwa ga Keziah,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, da Inna, da jar saniya da ɗanta. Ina gode wa Allah da ya bar ni da rai, ko da yake mutunci ya riga ya tafi.

Wasiƙarki ta iso jiya. Yaƙin kuwa shekaranjiya aka yi. Amma kada ki damu, na riga na gano abin da kaina, a gaban mutum arba'in.

Ranar Laraba Saje ya jera mu ya ce kowa ya ɗura. Na zuba albarushi, na sa harsashi, sai ya zauna a bakin bindiga kamar kaza a kan ƙwai. Na danna da sandar ɗuri, ya ƙi. Na samo dutse na buga, ya shiga rabi ya maƙale. Sai da maƙeri ya cire shi da awartaki. Peleg ya zo yana taƙama da takobin aro. Peleg fa, wanda yake ɗinka mini takalmi, wanda da hannuna na zaɓe shi kyaftin don ya yi alkawarin gangar giyar tuffa.

Ya ce, "Asahel, wannan harsashi ne ko kabewa?"

Na ce, "Peleg, ka yi magana da hankali. Takalmin da ka ɗinka mini ma bai shiga ba, ban tara maka jama'a ba."

Ya ce, "A nan Kyaftin ake ce mini."

Na ce, "Har mu koma gida."

Wani daga bayan layi ya ce wai a ba ni majajjawa. Wani ya ce a'a, in riƙa mirgino su daga kan tudu. Ƙarshen zance, Peleg ya yanke cewa mutumin da bindigarsa ba ta tashi ba ya tsayawa a layi, aka miƙa mini bijimai biyu da amalanken albarushi. Ni ne yanzu mai kora shanun rundunar 'yanci.

Saboda haka ga labarin yaƙin kamar yadda aka gan shi daga bayan sa. An fara da azahar a wata gona da mai ita ya gudu ya bari. Namu su kore su daga gonar, su dawo da igwa su kore namu, haka aka yi ta yi har rana ta faɗi. Gonar ba ta kai tamu ba, kuma duk kututture ce, ban san abin da ake so da ita ba. Su suka kwana a cikinta, amma an ce asararsu ta ninka tamu. Na ga hayaƙi. Na ga waɗanda aka ɗauko, wannan kuwa ba zan rubuta miki shi ba.

Bunker Hill ta wuce ni ina yankan ciyawa. Bennington na isa an gama, ana rabon huluna. Yanzu ga ni a tsakiyar abin, kuma da bulala a hannu. Me zan gaya wa jikoki?

Maganar aro, babu mai ba da ko ɗaya. Harsashi ya yi ƙaranci har an aika Albany ana ɓanɓare dalmar tagogin mutane. Saje yana yawo da tukunya, duk dalmar da ya gani sai ya narka ya raba wa kowa. In na kai masa tawa, zan samu rabona in shiga layi, agogon Inna kuma ya watsu cikin jaka arba'in. Don haka a kanta nake zaune, da ita nake matashi. Na ce musu gyaɗar daji ce.

Bijiman dai mun saba. Ɗaya na sa masa suna Fasto, don ba ya tsayawa in ya fara tafiya. Ɗayan Dattijo, don barci yake yi a tsaye. Ba sa jin bulala, sai an yi musu magana a hankali kamar masu takaba, kuma ni kaɗai suke saurara.

Wane cukun kika sa? In na wata shidan nan ne da nake ajiya, ba mu gama magana ba.

A gaida Inna da kyau. Kada ki gaya mata zancen shanu.

Mijinki,
Asahel

*

Pelbrook, 10 ga Oktoba, 1777

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka, ta kuma same ka a tsaye.

Agogo ya tsaya ranar Talata, ƙarfe uku saura kwata na rana.

Ɓeraye ne. Sun gano buhun tun makon jiya. Kullum sai in ƙara gutsure in cike abin da suka ci, su kuma su kira danginsu. Na sa mage a cikin akwatin agogon, ta yi faɗa da abin da ke lilo, dole na fitar da ita. Ranar Talata ina wajen matsar tuffa, nauyin ya gaza. Da na shigo na tarar da Inna tsaye gabansa ta riga ta sa baƙaƙen kaya. Yadda ta same su da wuri haka, ban sani ba.

Ta ce, "Keziah, ɗana ya tafi."

Na ce, "Inna, ƙila ƙura ce ta shiga ƙarafun. Bari in buɗe in duba."

Ta ce, "Kada ki taɓa. Ko akwai abin da kike so ki gaya mini game da cikinsa?"

Na ce babu.

Kafin magariba ta aika a ɗinko safar hannu ashirin da huɗu na rabon masu makoki, ta ce ba za a binne ɗanta kamar bare ba, Faston coci ma a ba shi ta fatar ɗan akuya. Washegari ta kira tsoho Ozias mai sassaƙa duwatsun kabari. Ya zauna a kujerarka yana cin gurasata, suna shawara.

Ya ce, "Ƙoƙon kai mai fukafukai za a yi, ko fuskar mala'ika? Mala'ika ake yayi yanzu."

Inna ta ce, "Ka san Asahel. Sa ƙoƙon kai."

Ya ce, "A rubuta ya faɗi yana fuskantar abokan gaba?"

Ta kalle ni ta ce, "Keziah, ke da ake rubuto wa, me yake fuskanta?"

Na ce zan duba miya.

Har nan ina iya daurewa, don na san ɓera ba annabi ba ne. Amma jiya mai dokin wasiƙa ya iso da labarin cewa an sake gwabzawa a wajenku, an kori Jajayen Riguna daga ganuwarsu, an kashe musu babban hafsa. Na tambaye shi wace rana. Ya ce Talata. Na tambaye shi wane lokaci. Ya ce da rana, wajen ƙarfe biyu zuwa uku. Ba shi da sunan kowa, kuma babu takarda daga gare ka.

Maigida, ban san lokacin da na durƙusa gaban Inna ba. Na faɗi komai: dalmar, mazubin, cukun, magen. Na ce ni na tura ɗanta yaƙi da jakar da ba ta da amfani. Da na gaya mata abin da zan rubuta maka yanzu, sai ta miƙe ta ce a ba ta alƙalami.

Ga shi: na janye roƙona na biyu. An ce an kewaye Jajayen Riguna kuma ana jiran karo na uku. Ka kai wa Saje dalmar duka, ya zuba maka abin da zai shiga bindigarka. Agogo ya mutu in ya ga dama. Ba na so wani ya zo kanka kana riƙe da bulala.

Cukun na wata shidan ne. Ka dawo ka yi faɗan.

Allah ya kiyaye ka.

Matarka,
Keziah

*

Pelbrook, 10 ga Oktoba

Asahel,

Ina gaishe ka. In kana da rai, karanta da kyau. In ba ka da shi, Peleg ya mayar mini da takardata, kada ya karanta.

Kada ka ba Saje ko ƙwaya ɗaya. Matarka tana da kirki amma ba ta san yaƙi ba.

Idona lafiyarsa lau. Ranar da za ku tashi, matar Saje ta kawo mazubin Faransa, na tare ta a ƙofa na ce mun riga mun zuba, ta wuce gaba. Da Keziah ta tambaya, na nuna mata na ubanka. Da gangan na yi.

Ubanka ya fi kowa iya harbi a garin nan. Bindigarsa tsaf, harsashinsa tsaf. Saboda haka aka sa shi a gaba, saboda haka kuma ka tashi ba ka san fuskarsa ba. Su goma sha ɗaya suka tafi yaƙin bakin tafki a shekarar. Wanda ya zo ya gaya mini, ba ko ƙwarzane a jikinsa, Ozias ne. Kunamar bindigarsa ta karye a hanya, aka ba shi shanu. Ga shi nan har yau, shekara saba'in, yana cinye mana gurasa. Tun ranar na san yadda soja ke tunani: wanda bindigarsa ba ta tashi, shanu ake ba shi, mai shanu kuwa yana dawowa.

Ban hana ka tafiya ba, don da na hana ka da ba ka iya shiga coci ka ɗaga kai ba. A kori Sarki, ban ƙi ba, ya ci harajin shayina ya isa. Amma gidan nan ya riga ya ba da namiji ɗaya.

Zancen agogo kuma, shekara arba'in ina ja masa igiya kowace Lahadi. Wai a rataya masa cuku ban sani ba? Ɗakin gaba ɗaya wari yake kamar ƙafar Ozias. Na yi shiru ne in ga iyakar gudun ruwanta. Safar hannu da dutsen duk don in matse ta ta faɗa da bakinta ne. Ta kai kwana biyu, ta fi yadda na zata. Kada ka gaya mata na yaba.

Amma da mai doki ya ce Talata, ƙarfe uku, sai wasan ya fita daga raina. Baƙaƙen kayan da na sa don tsokana, yanzu na kasa cire su.

Ka zauna a bayan shanunka. Umarni ne, kuma na girmi Peleg.

Allah ya yi maka albarka.

Uwarka,
Mehitable Goodale

*

Sansani, 6 ga Oktoba, 1777
(ta iso Pelbrook ranar 14 ga wata)

Zuwa ga Keziah,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kowa lafiya. Yau Litinin nake rubutawa, amma an hana masu doki fita, ban san ranar da za ta same ki ba.

Albishirinki! Kuskurenki ya zama alheri.

Yunwa ta fara korar sojojin Sarki zuwa wajenmu, kullum sai biyu ko uku sun tsallako. Yau da hantsi ina ba Fasto da Dattijo ruwa a rafi, sai ga wani ya fito daga ciyawa, hannu ɗaya a sama, ɗayan riƙe da wando don ya rame. Bai ce a yi masa rai ba, cewa ya yi, "Ɗan'uwa, akwai gurasa?" Na ba shi rabin tawa da albasa, ya miƙo mini bindigarsa kamar mai sauke kayan wani. Ina duba bakinta sai na ga faɗinsa. Na ciro ɗaya daga cikin naki, na sa. Keziah, sulub! Kamar don ita aka zuba. Ai bindigar Sarki ce, irin ta Baba.

Na je na tsaya gaban Peleg da fursuna a hannun hagu, bindiga a dama.

Na ce, "Kyaftin, ka ce mai bindigar da ba ta tashi ba ya shiga layi. Mai wadda ke tashi fa, da harsashi ɗari da ashirin, alhali kowa yana da tara?"

Ya ce, "Wa zai kora shanun?"

Na ce, "Kai ka san fata, ka lallaɓa su."

Jama'a suka yi ihu, aka kaɗa ƙuri'a nan take, na ci da hannu talatin da ɗaya. An ba wani ɗan Connecticut bulalar. Daga gobe Talata ina sahun farko, kusa da tuta.

Na san na yi alkawarin dawo da dalmar cif. Zan yi tsimi, sai na ga farin idon mutum. Gurbin abin da na harba a cike da ƙusa.

Yanzu kina iya gaya wa Inna ɗanta yana gaba, da irin bindigar ubansa. Na san za ta ji daɗi.

Mijinki,
Asahel

*

Pelbrook, 22 ga Oktoba, 1777

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri, duk inda kake.

Jakarka ta iso jiya, babu takarda. Mai doki ya ce takarda ta ƙare a sansanin, duk an naɗe albarushi da ita. Ya kawo kuma labarin da ka fi mu sani: ranar Juma'a rundunar Sarki ta ajiye makamai, kusan mutum dubu shida.

Wasiƙarka ta shida ga wata na karanta wa Inna ita. Ta ce in maimaita wurin "irin bindigar ubansa", sannan ta shiga ɗaki, kwana bakwai ba ta yi wa kowa faɗa ba.

Mun juye jakar a kan tebur, ni da ita. Ɗari da goma sha tara.

Tryphena ta ce Peleg ya aiko mata da saƙon baki. Wai ranar Talatar, ana fara harbi albarushi ya yanke, aka duba sai ga amalanke can ƙasan tudu, bijimai sun kafe, ɗan Connecticut yana kuka. Wai dole aka janye mutum ɗaya daga sahun farko, yana zage-zage, ya je ya ba su haƙuri. Peleg bai faɗi suna ba.

Na tambayi mai doki wa ya ba shi jakar. Ya ce ranar Asabar ne, a mashigin kogi, wani mutum mai warin shanu wanda ya ce a gaya wa tsohuwa ya karanta, kuma akwai magana.

Inna ba ta bari a narka ba. Ta ɗaure bakin jakar ta rataya ta yadda take, ta cike gurbin ɗayan da abin ɗinkinta na yatsa, ta kaɗa abin lilon da hannunta. Safar hannun ta ce a ajiye, sanyi na zuwa. Dutsen kuwa Ozias ya riga ya sassaƙa sunanka da ƙoƙon kan, ya bar wurin kwanan wata. Ina danne sabon cuku da shi.

Ka zo ka yi duk maganar da kake da ita. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Keziah

Ƙari: Inna ta cire baƙar hula amma ta bar baƙar riga, ta ce warin shanu ba shaida ba ne. Takardar sunayen waɗanda aka rasa ba ta iso ba tukuna, an ce ranar Alhamis. Agogo ya buga tara ina rufe wannan.